Tarihin Ciwon Sukari Da Alamunsa Na Dare

Hausawa su kan ce dare mahutar bawa. Amma akwai wani ciwo wanda ba ya barin mai shi ya sami wannan hutu. Mutum ya kwanta bayan lisha, kafin asuba ya tashi sau huɗu ko sau biyar ya kewaya, in ya komo kuma sai ya nufi randa, maƙogwaronsa a bushe kamar wanda ya wuni tafiya cikin bazara. Gari ya waye masa da gajiya. Kwanci-tashi sai a ga tufafinsa sun yi masa yawa, ga shi kuwa yana cin abinci fiye da yadda ya saba. Wannan shi ne ciwon sukari, wanda mutane da yawa ke kira ciwon suga.

Da fari ciwon nan ba ya fito da ƙurji, ba ya kawo zazzaɓi, saboda haka da rana ya kan ɓuya cikin hidimar duniya. Manomi a gona ko ɗan kasuwa a rumfa ba ya ƙidaya moɗa nawa ya sha, in ma ya lura sai ya ce zafin rana ne. Dare ne ke tona shi, domin wanda aka tayar daga barci sau biyar ba ya mantawa, waɗanda su ke ɗaki ɗaya da shi ma ba su mantawa. An yi fiye da shekara 3,000 likitoci na bin sawun wannan alama kafin su gane asalinta. Da suka sami magani kuma, sai maganin ya zo da wani haɗari nasa, shi ma da dare ya fi aukuwa.

Abin Da Mutanen Da Suka Gani

Labari mafi tsufa da a ke da shi ya fito daga Masar. A ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Georg Ebers ya sayi wata naɗaɗɗiyar takarda a garin Luksor, irin wadda Masarawan da ke yi da ciyawar bakin Kogin Nilu. Tsawonta ya kai wajen mita 20, an kuwa rubuta ta wajen shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin magungunan da aka jera a ciki har da na wanda fitsari ya yi wa yawa, masana da yawa suna ganin ciwon sukari a ke nufi. Takardar nan tana ajiye a jami'ar Leipzig, a Jamus.

Likitocin ƙasar Hindu na da, irin su Caraka da Sushruta, sun ƙara wani taki. Sun lura kiyashi da ƙudaje su kan taru inda mai wannan ciwo ya yi fitsari, sai suka sa masa suna madhumeha, watau fitsarin zuma. Har wa yau sun raba masu ciwon gida biyu: akwai ramammu, waɗanda ya ke kamawa tun da ƙuruciya, akwai kuma masu ƙiba, masu yawan ci da yawan zama. Wannan rabo nasu ya yi kusa ƙwarai da wanda likitoci ke yi yanzu.

Sunan da Turawa ke kiran ciwon da shi daga harshen Yunanawa ya fito, ma'anarsa kuwa abin da ruwa ke bi ta cikinsa ya wuce, kamar indararo. Wani likita mai suna Aretaeus, mutumin Kafadokiya, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu, ya kwatanta shi da kyau wajen ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. A ganinsa naman jikin mutum ne ke narkewa yana fita ta mafitsara. Ya bayyana ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, da fitsarin da ba ya tsayawa, ya kuma ce in ciwon ya kama sosai mai shi ba ya daɗewa. Galen, babban likitan Rum na wancan zamani, ya ce shi mutum biyu kaɗai ya taɓa gani da ciwon, ya kuma ɗauka laifin ƙoda ne. Wannan zato nasa ya zauna cikin littattafan likitoci fiye da shekara 1,000.

Da ilmin magani ya koma hannun malaman ƙasashen Musulmi, Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a shekarar 980, ya rasu a Hamadan a 1037, ya yi bayanin ciwon cikin littafinsa Alƙanun. Ya ambaci yawan ci, da mutuwar sha'awa, da ruɓewar ƙafa, da zaƙin abin da ke saura in fitsarin ya bushe. Cikin abin da ya ke ba masu ciwon har da hulba. Amma shi ma, kamar na gabansa, bai san inda zaƙin ke fitowa ba.

Sukari A Cikin Jini

Aka daɗe a haka, har shekarar 1674, sa'ad da wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya rubuta cewa ya ɗanɗana fitsarin masu ciwon ya ji shi kamar an zuba zuma. A zamanin nan harshen likita shi ne ma'auninsa. Bayan shekara 100 da 'yan kai, a 1776, wani likitan asibitin Libaful mai suna Matthew Dobson ya ba da labarin gwajin da ya yi. Yana da wani majinyaci mai fitar da fitsari fiye da lita 10 a kwana guda. Sai ya ɗibi fitsarin ya ɗora a kan wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya ƙafe, ya tarar da wani dunƙule a gindin kwano, ƙamshinsa da ɗanɗanonsa kamar na mazarƙwaila. Bai tsaya nan ba, ya ɗanɗana ruwan jinin mutumin, ya ji shi ma da zaƙi. Nan aka fara gane ashe sukarin tun cikin jini ya ke, ƙoda fitar da shi kawai ta ke yi. A 1815 wani masanin Faransa, Chevreul, ya tabbatar sukarin nan iri ɗaya ne da wanda ke cikin 'ya'yan inabi.

Daga nan ne aka fahimci dalilin tashin dare. Duk abin da mutum ya ci na tuwo, ko fura, ko shinkafa, ko rogo, hanji ya kan mai da shi sukari ya zuba cikin jini, jini ya kai wa gaɓoɓi, su ƙona shi su sami ƙarfi. Sukarin da ke yawo cikin dukan jinin lafiyayyen mutum bai wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya ba. A ma'aunin likitoci, kafin a karya kumallo ya kan tsaya tsakanin 70 da 100. Ƙoda tana tace jini dare da rana, tana mai da sukari cikin jiki don kada ya salwanta. Amma in ya haura wajen 180 sai ya fi ƙarfinta, ya zarce cikin fitsari. Sukari kuwa yana jan ruwa, kamar yadda gishiri ke jan danshi da damina. Saboda haka mafitsara ta cika da sauri, jiki ya bushe, mutum ya sha ruwa, ruwan ya sāke bin sukari ya fita. Ga lafiyayye, ƙoda ta kan rage aiki in ya yi barci, shi ya sa ya ke iya kai wa asuba bai tashi ba. Ga mai ciwon sukari kuwa babu wannan rangwame. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance, in ciwon ya kama shi, sai a ga ya koma jiƙa tabarma.

Sauran tambaya ɗaya. Mutum ba ya cin abinci cikin barci, to, ina jini ke samun sukari tsakanin lisha da hantsi? Wani masanin Faransa, Claude Bernard, shi ya amsa wannan. Tun daga 1848 ya nuna hanta da kanta tana zuba sukari cikin jini, a 1857 kuma ya fitar da abin da ta ke tara shi a cikinsa. Ashe hanta rumbu ce. In an ƙoshi ta ajiye rara, in dare ya yi ta riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan don kada ƙwaƙwalwa ta rasa abinci. A jikin mai ciwon sukari ƙofar rumbun nan ba ta rufuwa sosai, shi ya sa ya kan kwana bai ci kome ba, ya tashi da sukari a sama.

Zamanin Horo Da Yunwa

Sanin dalili bai kawo magani nan da nan ba. A 1870, cikin yaƙin Faransa da Jamus, aka kewaye birnin Faris har wata huɗu, abinci ya yi ƙaranci ƙwarai. Wani likita a cikin birnin, Bouchardat, ya lura waɗansu daga cikin majinyatansa sukari ya ɓace daga fitsarinsu saboda ƙarancin ci. Daga nan ya ƙara ƙarfafa musu rage abinci da yawan motsa jiki. Wannan shawara ta taimaki manya masu ƙiba, har yanzu kuwa tana nan cikin abin da a ke gaya musu.

A cikin shekarun nan ne kuma aka lura da wata alamar dare ta biyu. A 1885 wani likitan Landan, Frederick Pavy, ya bayyana yadda waɗanda suka daɗe da ciwon ke kuka da ƙafafunsu: nauyi, da mutuwar tafin sawu, da zogi mai sūka kamar walƙiya, wanda ya fi tsananta in an kwanta. Yanzu an san sukari mai yawa ne ke cin jijiyoyin da ke kai saƙon ji, yana farawa daga yatsun ƙafa. Waɗansu su kan ji kamar sun taka garwashi, har mayafi ma ba su so ya taɓa su.

Yara kuwa, rage abinci bai cece su ba. Yaron da ciwon ya kama a zamanin nan da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Wajen 1914 wani likitan Amurka, Frederick Allen, ya fito da wani tsari mai tsanani, na hana majinyaci abinci sai ɗan abin da zai riƙe rai. Tsarin ya kan ƙara wa yaro watanni, wani lokaci shekaru kaɗan, amma yana ramewa har ya zama ƙashi da fata. Wata yarinya, Elizabeth Hughes, 'yar Ministan Harkokin Waje na Amurka, ta yi shekara uku a kan wannan tsari. A 1922 tana gab da shekara 15, nauyinta bai wuce kilo 20 ba.

Karen Minkowski Da Daren Banting

A bayan tumbi akwai wata tsoka mai ɗan tsawo, wadda likitoci ke kira fankiriyas. An san tana zuba wani ruwa cikin hanji mai narkar da abinci. A 1869 wani ɗalibi a Balin, Paul Langerhans, ya duba ta da madubin likita, ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi a warwatse cikinta kamar tsibirai cikin kogi, amma bai san aikinsu ba.

Bayan shekara 20, a 1889, likitoci biyu a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa wani kare wannan tsoka don su ga ko zai iya narkar da kitse ba tare da ita ba. Karen nan an hore shi, ba ya ɓata ɗaki. Amma bayan fiɗar sai aka riƙa tarar da fitsarinsa a daɓe. Minkowski ya ɗibi fitsarin ya auna, ya same shi cike da sukari. Alamar nan da Masarawa suka rubuta, ita ce ta nuna inda ciwon ya ke. Masana suka yi zaton tsibiran Langerhans ne ke fitar da wani sinadari mai tsare sukari, har suka raɗa masa suna insulin, daga kalmar tsibiri a harshen Latin, tun ba wanda ya iya tsamo shi. Mutane da yawa sun gwada cikin shekara 30, amma abin da suka tatso ya kan sa zazzaɓi da ƙurji.

Ana nan, a garin Landan na ƙasar Kanada, akwai wani saurayin likitan fiɗa mai suna Frederick Banting, wanda ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya amma ba ya samun masu zuwa. Daren 30 ga Oktoba, 1920, ya karanta wani bayani a kan fankiriyas don zai koyar da ɗalibai. Ya kwanta barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe 2 na dare sai wata dabara ta faɗo masa, ya tashi ya rubuta ta cikin 'yan layuka: a ɗaure bututun da ke kai ruwan narkar da abinci, a bar tsokar ta yanƙwane, sa'an nan a tatso abin da ke cikin tsibiran.

Ya kai maganar wurin Farfesa John Macleod na jami'ar Toronto. Macleod bai gamsu sosai ba, amma ya ba shi ɗaki, da karnuka, da wani ɗalibi mai suna Charles Best don ya taimake shi awo. Suka fara aiki ran 17 ga Mayu, 1921. A ƙarshen Yuli suka yi wa wani kare marar fankiriyas allurar abin da suka tatso, sukarinsa ya sauka. Daga baya suka gane ba sai an ɗaure bututun ba, ana iya samun sinadarin daga fankiriyas na shanu da a ke yankawa a mahauta. A Disamba wani masani, James Collip, ya shigo aikin don ya tace shi.

Ran 11 ga Janairu, 1922, aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko a babban asibitin Toronto. Ba ta yi amfani sosai ba, wurin ma ya yi ƙurji. Ran 23 ga watan aka sāke yi masa da wadda Collip ya tace, sukarinsa ya sauka, ya sami ƙarfi, ya ƙara shekara 13 a duniya. A Agusta aka kawo Elizabeth Hughes, ita ma ta murmure, ta yi aure, ta haihu, ba ta rasu ba sai 1981. A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting ya raba rabonsa da Best, Macleod ya raba nasa da Collip. Haƙƙin mallakar maganin kuwa, an sallama wa jami'ar Toronto a kan dala ɗaiɗai.

Sabon Haɗari

Aikin insulin shi ne buɗe wa sukari ƙofa ya shiga gaɓoɓi, da hana hanta zubo wanda ba a bukata. Jikin lafiyayye yana auna shi daidai, ya ƙara in an ci, ya rage in an kwanta. Allura kuwa ba ta da wannan wayo, in ta shiga ta shiga. Tun Collip na gwaji a kan zomaye ya ga wanda aka yi wa da yawa ya kan fāɗi yana shure-shure, in an yi masa allurar sukari ya farfaɗo. Ashe ƙarancin sukari ma ciwo ne, ya ma fi yawansa saurin kisa, domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu nata.

Insulin na farko aikinsa ba ya wuce wajen awa shida, saboda haka ba ya kai mutum safe. Sai an yi allura sau uku ko huɗu a kwana, waɗansu iyaye ma sai sun tayar da yaro tsakar dare. A 1936 wani likitan Danmak, Hans Christian Hagedorn, ya gano in an gauraya insulin da wani sinadari da a ke samu daga maniyyin kifi, ya kan daɗe yana aiki. A 1946 aka gyara wannan haɗi aka fito da wanda a ke kira NPH. Majinyata suka sami barci. Amma shi wannan ƙarfinsa ya kan kai matuƙa bayan awa huɗu zuwa goma, watau wanda ya yi allura da magariba, ƙarfinta ya kan zo masa da talatainin dare, sa'ad da cikinsa ya ke wayam.

Da rana, in sukari ya sauka ƙasa da 70, mutum ya kan ji rawar jiki, da yunwa, da bugun zuciya, sai ya nemi abin ci. Barci kuwa yana dushe wannan gargaɗi. Abin da na kusa da shi zai gani shi ne gumi mai sanyi har ya jiƙa riga da matashi, da juye-juye, da sambatu ko ihu kamar mai mugun mafarki. In an tashe shi ya ruɗe, ya yi faɗa, ko ya kasa gane mutane. In abin ya yi tsanani ya yi shure-shure kamar mai farfaɗiya, ko ya suma. Wani kuwa ba ya farkawa sam, sai da safe ya tashi da ciwon kai da kasala. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441, wanda aka bayyana a 1993, ya nuna tsare sukari kusa da na lafiyayye yana kāre ido da ƙoda da jijiyoyi, amma yana riɓanya faɗuwar sukari mai tsanani har sau uku. Wajen rabin faɗuwar nan cikin barci ta auku. A 1991 kuma likitoci biyu na Ingila, Tattersall da Gill, sun ba da labarin matasa 22 masu allurar insulin, waɗanda suka kwanta lafiya aka tarar da su da safe sun rasu, shimfiɗarsu ko yamutsewa ba ta yi ba. Abin da aka fi zato shi ne faɗuwar sukari ce ta rikita bugun zuciyarsu.

Rikicin Asuba Da Samun Ma'auni

Akwai wani abu kuma da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, watau majinyacin da ke tashi da sukari a sama kowace safiya. A 1938 wani masani a birnin St. Louis na Amurka, Michael Somogyi, ya ce insulin ne ya yi yawa, sukari ya fāɗi da dare, jiki ya tsorata ya zubo na hanta fiye da kima. A 1981 waɗansu masana suka bayyana wani dalili dabam. Tsakanin ƙarfe 3 na dare da fitowar rana jikin kowa ya kan fitar da sinadarai masu shirya shi don tashi, su kuwa suna sa hanta ta ƙara zubo sukari. Lafiyayye ya kan ƙara insulin ya daidaita, mai ciwo ba ya iyawa. Bambancin nan ba ƙarami ba ne, domin na farko ragi ya ke bukata, na biyu ƙari, in an sāɓa kuwa ana iya kashe mutum. Binciken baya ya nuna na biyun ya fi yawa nesa.

Ba abin da ke raba wannan gardama sai awo, awo kuwa ya yi wuya a da. Daga 1908 a kan zuba fitsari cikin wani shuɗin ruwa da wani masani mai suna Benedict ya haɗa, a tafasa, in akwai sukari ya koma kore, ko rawaya, ko ja. Amma fitsari labarin awoyin da suka wuce ya ke bayarwa, kuma ba ya nuna ƙarancin sukari ko kaɗan. A 1965 aka fito da 'yar takarda mai sāke launi in an ɗiga mata jini, a 1970 aka ƙera na'urar da ke karanta ta, nauyinta ya fi kilo ɗaya. Cikin shekarun 1980 na'urar ta ƙanƙance har ta shiga gidaje, mutum ya iya tashi ƙarfe 3 na dare ya soki yatsa ya ga gaskiya. A 1999 aka yarda da na'urar farko mai bin sukari dare da rana ta ƙarƙashin fata. Irinta na baya har ƙara su ke yi su tashi mai barci in sukari ya kama hanyar fāɗuwa. A 2000 kuma aka fito da insulin mai aiki a hankali wajen awa 24, wanda ya rage faɗuwar tsakar dare.

Abin Da Ya Rage Ga Mutanen Gida

Ciwon da Galen ya ce sau biyu ya taɓa gani, yanzu ya game duniya. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta kimanta a 2021 manya miliyan 537 ke ɗauke da shi, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, fiye da rabin na Afirka kuwa ba su san suna da shi ba. An keɓe ran 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, don tunawa da ciwon kowace shekara. Na'urori masu ƙara suna da tsada, gidaje da yawa ba su da su. A irin waɗannan gidaje, ma'aunin farko shi ne idon wanda ke kwana kusa, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Wanda ya ga yana tashi fitsari sau da yawa, ga ƙishirwa, ga rama, ko ya ga kiyashi na taruwa a makewayi, ko tafin ƙafarsa na zafi in ya kwanta, ya kamata ya tafi asibiti a auna jininsa. Tashin dare yana da waɗansu dalilai, kamar tsufa ga maza, ko juna biyu ga mata, ko sanyin hunturu, ɗigon jini ɗaya ne zai raba su. Yaron da ya koma fitsarin kwance yana ramewa, kada a doke shi, kada kuma a jira kwanan kasuwa, domin irin na yara cikin 'yan kwanaki ya ke kai wa ga suma.

Wanda ke allurar insulin, ko ya ke shan irin ƙwayoyin da ke sa jiki ya ƙara fitar da shi, kada ya sha magani ya kwanta da yunwa, balle ran da ya yi aiki mai nauyi. Ya ajiye sukari ko zuma a gindin gado, ya kuma sanar da iyalinsa alamun. In aka gan shi cikin dare yana gumi yana sambatu, kada a ce iska ce ta taɓa shi. In yana iya haɗiya, a dama masa sukari ƙaramin cokali uku cikin ruwa, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sa'an nan a ba shi abinci. In ya suma kuwa, kada a ɗura masa kome a baki don kada ya shaƙe, a kwantar da shi ta gefe, a kai shi asibiti a daren. Da safe kuma a gaya wa likita abin da ya faru, shi ne zai gyara yawan maganin.